Ba kowace saifa ce ta zazzaɓi ba

A nan Garwa, da an taɓa cikin yaro aka ji tauri sai a ce "saifa ce", a nemi wanzami ya yi tsaga, a haɗa da jiƙo. Maganar tana da tushe, don zazzaɓin cizon sauro yakan kumbura saifa. Abin da ke damuna shi ne ɗaukar kowane kumburi a haka.

Mazaunin saifa yana hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wasu tantanai na riƙe da ita. A wasu yara tantanan sukan zo a sake tun haihuwa, sai saifar ta gangaro har wajen cibiya ko mara. Ba a cika samun hakan ba, amma idan ta murɗe a kan jijiyoyin jininta, jini ya daina shiga, tana iya mutuwa. Tsagar fata ba ta isa can.

Wata yarinya a unguwarmu takan yi ciwon ciki ya lafa ya dawo, uwarta tana jin ƙullutu yana zamewa ƙarƙashin tafin hannunta. Ranar da ciwon ya tsananta da amai, aka yi mata hoton ciki, ekografi, aka ga gurbin saifa wayam, ita kuwa tana can ƙasa.

Maganin tiyata ne. In saifar na da rai, likita zai warware ta ya kafe ta a gurbinta. In ta mutu sai a cire, daga nan yaron na bukatar allurar rigakafin cututtuka irin su nimoniya da sanƙarau, kuma duk zazzaɓin da ya kama shi a kai shi asibiti a ranar.