Samari, ku daina shiga daji ku kaɗai

Salam 'yan uwa. Wannan yayin hawan dutse da shiga daji da ya shigo mana Bauchi da Gombe ni ban ce a bari ba, ya fi zaman majalisa ana cin naman mutane. Abin da ke damuna shi ne yadda yaro zai saɓa jaka da asuba, fiya wata leda biyu, waya cajinta rabi, ko Mama bai faɗa wa ba balle abokai, wai shi kaɗai zai hau Dutsen Kilang ko Bima ya ɗauko hoton da zai sa a status. Haba ɗan uwa.

A 2013 wata mata 'yar shekara 66 tana tafiya ita kaɗai a hanyar dajin Appalachian, a jihar Maine ta Amurka. Ba baƙuwar tafiya ba ce, ta yi watanni a kan hanyar. Ratsewa kawai ta yi don ta kama ruwa, da ta juyo sai ta rasa ta inda ta shigo. Ta tura wa mijinta tes cewa ta ɓata, saƙon bai tafi ba don babu sabis, sai ta riƙa hawa tudu tana neman sabis tana ƙara nisa da hanya ba ta sani ba. An nema an nema har da karnuka da jirage. Ta yi wajen kwana 26 a raye cikin tantinta tana rubutu a ɗan littafi, ba a ga gawarta ba sai Oktoban 2015, kuma tsakaninta da hanyar bai fi mil biyu ba. Mil biyu fa, a ƙasar da ke da kayan ceto, kuma mijinta ya san inda ta nufa ya kai rahoto da wuri. To kai da babu wanda ya san ka fita, wa zai fara nemanka, ta ina?

Shi ma wani Ba'amurke mai suna Aron Ralston a 2003 haka ya shiga wani kwazazzabo a jihar Utah ta Amurka bai faɗa wa kowa ba, dutse ya danne masa hannun dama, ya kwana biyar a wurin, ƙarshe da kansa ya yanke hannun da 'yar wuƙa marar kaifi sannan ya fito.

Mu dawo gida. Yankari ta haura murabba'in kilomita 2,200, yawancinmu Wikki kawai muka sani, mu yi wanka a ruwan ɗumi mu yi faɗa da birai kan abinci mu dawo muna cewa mun san daji. Ka bar sansanin ka shiga ciki da ƙafa ka gani, bishiya duk iri ɗaya ce, ciyawa da damina ta fi ka tsawo, in hunturu ne hazo ya rufe dutsen da ka yi alama da shi, ga ɓauna ga giwa. Ba don a ci kuɗinka ake cewa sai da ɗan rakiya ba. Kuma gaskiya ba namun daji ne abin tsoron farko ba, ƙishirwa ce, ranar Maris da Afrilu a nan tana haura digiri 40, in ruwan jikinka ya ƙare kanka ma ba zai yi lissafi daidai ba. Ban ma kawo maganar tsaro ba, kowa ya san halin da dazukanmu ke ciki.

In dai za ka fita, faɗa wa mutum ɗaya a gida inda za ka, ta wace hanya, da ƙarfe nawa za ka dawo, ka ce masa in magariba ta yi bai ji ka ba ya tada mutane. Ku tafi aƙalla ku uku, in ɗaya ya karye ɗaya ya zauna da shi ɗaya ya nemo taimako. Ka biya ta wajen mai gari ko mafarautan ƙauyen da ke gindin dutsen ka gaishe su, su nuna maka yaron da zai raka ka, ɗan abin da za ka ba shi bai kai kuɗin datarka na sati ba. Ruwa a jarka, tocila, fawa bank, da usur don murya tana dushewa da wuri. In kuma ka ga ka ɓata, tsaya nan inda kake, nemi inuwa, shimfiɗa riga mai haske a fili inda za a hango, kar ka bi sabis.