Jitar da ta kusa saya mini gida a Unguwar Rimi

Rigar sanyi na je nema a Kasuwar Barci ta Kaduna da hunturun bara, sai idona ya faɗa kan wata jita rataye a bayan tsofaffin akwatuna, ƙura ta yi mata lulluɓi. Na matsa, na goge kanta da hannun riga. Sai ga suna: Fender. Gabana ya faɗi.

Wata uku na yi ina ƙona data a YouTube a kan tsofaffin jitocin lantarki, alhali ko gurmi ban iya kaɗawa ba. Na haddace cewa a 1954 kamfanin Fender ya fara fitar da samfurin jitarsa mai suna Stratocaster a Kalifoniya, mai kamfanin, Leo Fender, ya sayar da shi ga kamfanin watsa labarai na CBS a 1965, kuma waɗanda aka ƙera kafin cinikin nan su ne masu tarawa ke zuba wa dubban daloli. To ga ta a gabana: ƙaho biyu, maganaɗisu uku a ƙirji, fenti duk ya tsattsage. A tsaye na gama lissafi, har kalar get ɗin gida na zaɓa.

Na ɗaure fuska kamar mai karɓar bashi. "Alhaji, wannan katakon fa, nawa?"

"Yallaɓai, ni ban san kanta ba, cikin gwanjo ta zo. Kawo dubu 60."

Muka daidaita a dubu 35, kuɗin da na ware na shinkafar gida. Rigar sanyi kuwa sai baɗi.

Uwargida ta dube ni, ta dubi abin da na rungumo. "Baban yara, garayar 'yan bori ka sayo mana?"

"Kar ki raina ta. Gida ne a Unguwar Rimi kike kallo."

"To, Allah ya sa da shinkafa a sito ɗin gidan."

Tsirkiya uku suka rage cikin shida, su ma tsatsa ta cinye, wuyan kuma ya lanƙwashe kamar baka. Akwai dogon ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa ya miƙe, na gani a bidiyo, amma na ji tsoron kada in karya gidana da hannuna. Sai na kai wa kafintan bakin layinmu, na ce wuyan kawai zai duba. Da na koma bayan kwana uku, na wuce ta sau biyu ban gane ta ba. Koriya shar, tana sheƙi.

"Oga, na ga fentin ya mutu, sai na bi ta da samfefa na yi maka ihsani. Ragowar na ƙofar wani Alhaji ne, mai tsada. Kar ka ba ni ko sisi."

A wurin masu tara jita, wannan tsattsagaggen fentin shi ne kuɗin. Da zarar an sake shi, darajar ta zube. Na tsaya ina kallon Unguwar Rimi tana komawa ɗaki ciki da falo a Rigasa. Kuma dole na ce na gode, don mutumin har haƙoransa a waje.

Daga nan sai shagon mai gyaran rediyo, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya ce in jira ya yi La'asar. A kan teburinsa akwai wata tsohuwar amfilifaya ƙirar Amurka, ni kuma haƙuri ba halina ba ne. Na jona jita, na soka filogi a bango. Lamba 110, wato ƙarfin wutar da take ɗauka, na rubuce ɓaro-ɓaro a bayanta, wutarmu kuwa ta ninka haka. Ta yi gurnani sau ɗaya, ta ce fat, hayaƙi ya tashi da warin ƙonannen roba. Ya dawo da carbi a hannu, ya shaƙi iska, ya ce, "Ɗana, ta mutane ce." Dubu 20.

Don in huce, na roƙe shi ya kwance sukurori huɗun da suka riƙe wuyan, saboda a wancan zamanin ma'aikatan Fender kan rubuta wata da shekara a gindinsa. Ya kwance. Kyankyasai biyu suka fito a guje. Babu wata, babu shekara, sai 'yar takarda manne mai cewa ƙirar Chaina ce. Jikin ma falle-fallen katako ne da aka haɗa da gam, irin na bayan kwaba. Ya kankare sunan da farce, ya ɓare: sitika.

Ya juya ta, ya shafa koren nan, ya gyara tabarau. "Amma fa wanda ya yi maka fentin nan ya iya aiki. Duk jikinta shi ne abin kuɗi."

Yanzu tana rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗaki. Uwargida ta gano ƙahon sama ya dace da rataye hijabi, na ƙasa kuma jakar Islamiyyar yara. Duk ranar da aka dafa taliya, sai ta leƙo ta tambaye ni ko masu dalar sun bugo waya.