Ɗalibi a babban birni: shirun da muke yi ne yake cutar da mu

Duk lokacin da aka koma makaranta sai kaga an fara yawo da wannan doguwar nasihar a guruf-guruf, kar ka fita da dare, kar ka yarda da kowa, kar kaza kar kaza. Ban ce ƙarya bace, amma ni dai a ganina ta yi wa ɗalibi kaɗan, don ɗalibi dole ya fita da dare. Akwai lakcar da bata ƙarewa sai duhu ya shiga, akwai karatun laburare lokacin jarabawa, akwai wanda yake ɗan aiki bayan an tashi don ya haɗa kuɗin rijista, kuma babu yadda za ai mutum ya rayu a birni bai yarda da kowa ba. In ka ce wa yaro ko yarinya 'yar shekara 18 kar ta fita kar ta yarda da kowa, abin da ka koya mata kawai shi ne ta ɓoye maka in ta fita, kuma ta yi gum da bakinta in wani abu ya same ta. To wannan shirun shi ne yake damuna, a kansa nake son mu yi magana 'yan uwa.

A shekarar 1979 wasu masana halayyar al'umma guda biyu a Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, sun kawo wani bayani mai sauƙi wanda har yau masu nazarin laifuka suna aiki da shi. Suka ce laifi yana faruwa ne in abu uku suka haɗu a waje ɗaya a lokaci ɗaya: mai niyyar aikatawa, da abin da ya dace da farmakinsa, sannan da rashin wani mai sa ido da zai iya hanawa. Ka duba da kyau, na farkon ba a hannunka yake ba, ba kai zaka shiryar da ɓarawo ba. Na biyun ka ɗan iya ragewa amma ba duka ba, tunda dole ka riƙe waya dole ka ɗauki laftof zuwa aji. Na ukun nan shi ne a hannunmu, kuma mai sa idon ba wai sai ɗan sanda ko sikiriti ba, abokin ɗakinka ne, maƙwabciyarki ce, ɗan ajinku ne da ya san ƙarfe nawa ka saba dawowa har zai ji a jikinsa in baka dawo ba. Ɗalibin da babu wanda ya san inda yake shi ne ya fi kowa zama cikin haɗari, ko da kuwa duk makarantar babu mai ƙarfinsa.

Shi yasa sababbin ɗalibai suke bani tausayi sosai. Baƙo ko da ido makaho ne, yaro ya sauka da jaka bai san wane lungu ake bi wane ba a bi ba, bai san wace tasha ce take zama kango bayan ƙarfe tara ba, ga shi yana jin kunyar tambaya kar a ce masa baƙauye. A makonnin farkon nan ne 'yan damfarar ɗaki suke cin kasuwarsu, a saka hoton ɗaki mai kyau a intanet, a ce maka mutane sun yi yawa a kansa ka turo kuɗi yanzu-yanzu a riƙe maka, kana turawa layi ya mutu. Dan Allah ko waye ejan ɗin, kar ka biya kuɗin ɗakin da baka shiga da ƙafarka ba, baka ga mai gidan ko takardar da ta nuna yana da hurumin bada haya ba. In kaje dubawa ka tafi da wani, ka murɗa makullin ƙofar ka gani, ka duba taga, sannan in da hali ka sake komawa unguwar da yamma liƙis kaga ko akwai fitila a layin da kuma su waye suke zama a bakin hanya. Unguwar da ka gani da rana ba ita bace da dare. Amma laifin da nake gani na tsofaffin ɗalibai ne, ku da kuka shekara uku a wajen kun san komai, kun san gadar da ake ƙwacen waya, kun san hanyar bayan hostel da ba a bi, amma sai an cuci sabo sannan ku ce ai kowa ya san wajen nan. Kowa bai sani ba, ku ne kuka sani kuka yi shiru.

Maganar waya kuwa zan ɗan daɗe a kanta don mutane da yawa har yanzu suna lissafin kuɗin wayar ne kawai in an sace. Wayar ita ce mafi arha a cikin abin da aka ɗauke maka. A cikinta akwai layinka, layin nan shi ne banki yake turo wa lambar sirri, shi ne WhatsApp ɗinka, shi ne imel ɗinka, ɓarawon da ya san aikinsa ko kallon wayar ba zai yi ba, sim ɗin zai zare ya saka a wata ya fara aiki kafin ka gama kuka. Abin da zai hana shi ƙaramin abu ne da mutane basa yi, ka saka wa sim ɗinka fin, wato lambar sirri ta PIN, wanda duk lokacin da aka kunna waya sai an saka shi, in aka yi kuskure sau 3 layin ya kulle sai da lambar PUK, wato lambar buɗewa da kamfanin layi yake bayarwa. Ka danna *#06# zaka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka mai lamba 15, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a wani waje daban, don ita za a tambaye ka in kaje kai rahoto. Ka kunna abin neman waya na Google ko na Apple tun tana hannunka, da shi zaka iya kulle ta ko ka goge komai daga nesa. A WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka saka fin mai lamba 6, kuma duk wanda ya kira ka ya ce an turo maka wata lamba ka karanto masa, ko ya ce daga ofishin makaranta ne ko daga guruf ɗin ajinku, ka kashe wayarka kawai. Duk wannan bai kai minti goma ba. Sannan ka haddace lambar mutum ɗaya ko biyu a kanka, don ranar da aka karɓe wayar zaka ga ko lambar mahaifiyarka baka iya kawowa.

In kuma aka tare ka da makami, ka bada. Wannan ba na sassautawa a kansa ko kaɗan. Samari musamman, wannan zuciyar ta ai ni ba za a yi min haka ba ta kai matasa da yawa kabari a kan abin da za a iya saye a kasuwa gobe. Ka miƙa, ka kalli abin da zaka iya tunawa, ka bar wajen, sannan abu na farko ka nemi wayar wani ka kira banki da kamfanin layi a toshe. Haka ma bin sawun wayar da kanka don taswira ta nuna maka gidan da take, kar ka fara, ka kai wa hukuma bayanin.

Tafiyar dare tunda mun ce dole ce, sai a gyara yadda ake yinta. Cire iyafis daga kunne, mayar da waya aljihu, bi hanyar da take da haske da mutane ko ta fi nisa. In tasi ka kira ta manhaja ka duba lambar motar da fuskar direban kafin ka shiga, in ba su yi daidai ba ka fasa babu wata kunya. WhatsApp yana bari ka tura wa mutum inda kake kai tsaye na minti 15 ko awa 1 ko awa 8, ka tura wa wanda ka san idonsa biyu kuma zai duba. Yawancin wayoyin yanzu in ka danna maɓallin gefe sau 5 da sauri suna buɗe kiran gaggawa, lambar 112 kuma tana aiki a ƙasashe da yawa, ka tabbatar da ta inda kake tun kafin buƙata ta taso.

Amma fa duk abin da na faɗa a sama shi ne ɓangare mai sauƙi, don baƙon mugu kowa ya yarda a yi maganarsa. Wanda ba a son taɓawa shi ne mugun da aka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi na jima'i a rayuwarta, kuma mafi yawa daga wanda take tare da shi ne, miji ko saurayi. A jami'a ma haka abin yake tafiya, saurayi ne, ɗan aji ne da ya ce zo in koya miki karatu a ɗakina, babba ne mai riƙe da makinta da ya ce ta same shi ofis bayan kowa ya tashi. Ƙanwata in kina karanta wannan, jikinki in ya baki cewa wajen nan bai yi ba ki tashi, ba sai kin nemo dalili ba, ba sai kin bada haƙuri ba. Ki je ofis da ƙawa, ki ajiye saƙonni kar ki goge, abin sha da kika bari kika fita ki ƙyale shi. In kuma abin ya riga ya faru wallahi ba laifinki bane, ki nemi asibiti da wuri don maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, sannan ki samu mutum ɗaya da kika yarda da shi ki faɗa masa. Mu kuma da ake kawo wa labarin, tambayar me ya kai ki da me kika saka ita ce take rufe bakin yarinya ta gaba, kuma shi mai aikatawar ya san da haka, da shi ya dogara.

Akwai wani tarkon da ke kama ɗalibai masu hankali ma, aron asusun banki. Aboki ya ce za a turo masa kuɗi asusunsa yana da matsala, ka karɓa ka cire ka ɗauki wani abu a ciki. Kuɗin damfara ne ake wanke su ta sunanka, ranar da bincike ya zo kai za a samu, shi ya ɓace. Haka aikin da za a ce sai ka biya kafin a ɗauke ka, ko a kira ka intabiyu a ɗakin otal.

Sai mu 'yan kallo. A 1968 wasu masana halayyar ɗan adam, John Darley da Bibb Latané, sun yi gwajin da ya nuna in mutane suna da yawa a waje kowa yana jiran wani ya fara taimako. Ba sai ka shiga faɗa ba, ihu ma taimako ne, kiran sikiriti taimako ne, ka tsaya kusa da yarinyar da ake takura wa a tasha ka gaishe ta kamar ka santa ma taimako ne. In kai ne a cikin halin kar ka ce jama'a ku taimaka, ka nuna mutum ɗaya ka ce kai mai jar riga kira min 'yan sanda.

Shirun da ya fi bani haushi dai na makarantu ne. A 1986 aka kashe wata ɗaliba mai suna Jeanne Clery a ɗakinta na hostel a jami'ar Lehigh da ke Amurka, 'yar shekara 19, kuma ɗalibi ne ɗan makarantar ya kashe ta, ya shigo ta ƙofofin da aka tokare aka bari a buɗe. Bayan nan iyayenta suka gano an yi manyan laifuka da dama a makarantar a shekarun baya ba a sanar da ɗalibai ba, suka dage har aka yi doka a 1990 wadda yanzu ake kira da sunanta, ta tilasta wa jami'o'in da ke cin gajiyar tallafin gwamnatin tarayya su riƙa fitar da alƙaluman laifukan da aka yi a harabarsu duk shekara, kuma su yi gargaɗi a kan lokaci in akwai barazana. Ban ce dokar ta gama da matsalar ba, amma ta karɓi wani abu da nake ganin gaskiya ne a ko'ina, ɗalibi yana da haƙƙin sanin abin da ke faruwa a inda yake kwana. Makarantar da take ɓoye labarin fashi a hostel don kar sunanta ya ɓaci ta fifita suna a kan rayukan 'ya'yan mutane, ni haka na ɗauke shi.

To in hukumar makaranta bata yi ba, ƙungiyar ɗalibai me take jira? Littafi ɗaya ko fom ɗaya a intanet ya isa, duk wanda aka yi wa ƙwace ko sata ya rubuta wajen da lokacin da yadda abin ya faru ba sai da suna ba. Semesta ɗaya kawai zaku ga wurare biyu ko uku ne suke ta maimaituwa a kusan lokaci ɗaya, sai ku ɗauki wannan ku kai wa shugaban harkokin ɗalibai da ofishin 'yan sandan yankin ku ce ga inda muke son fitila, ga ƙofar da makullinta ya lalace, ga awannin da muke son sintiri ko motar da zata riƙa kwasar masu fitowa daga laburare. Shi yasa nake roƙon duk wanda aka cuta ya kai rahoto ko ya san wayar ba zata dawo ba, don in babu komai a rubuce amsar da za a baku a ofis ita ce ba mu samu ƙorafi ba. Sababbin da za su shigo bana kuma a tura musu wannan bayanin tun ranar rijista, kafin su kama ɗaki.