Mutum-mutumi Ba Tsani Ba Ne!

Wai don Allah me ke damun mutane da hawa kayan tarihi? Ka je dandalin tsohon birni don ka karanta allon da ke gindin mutum-mutumi, sai ka tarar wani ƙato ya zauna daram a kai yana cin abinci, wata ta ɗare wuyan dokin tagulla tana ɗaukar hoto na ɗari, wani kuma ya zaro makulli yana kankare sunansa da na budurwarsa a jikin dutsen da ya girmi kakan kakansa! Soyayyarku ce tarihin? Zakunan tagulla huɗun nan na Dandalin Trafalgar a Landan suna kwance tun 1867, amma kullum sukuwa ake yi a bayansu kamar jakan haya. Tagulla kuwa gumin hannu cinta yake. Dubi inda ake yawan shafawa, ya koɗe yana ƙyalli, sauran jiki baƙi ƙirin. Ga cingam an liƙa a idon jarumi, ga gorar ruwa an cusa masa a hammata, ga tattabaru sun yi masa farin rawani. Ka yi magana, a harare ka, a ce na ubanka ne? Haba jama'a!