An sayo kwamfuta, amma har yanzu fayil na durowar oga

Watannin baya na raka wata 'yar uwata wani ofishi kan haƙƙin mijinta da ya rasu yana bakin aiki, fitarta daga takaba ke nan. Muna shiga na ga kwamfutoci huɗu a ɗakin, sababbi fil, biyu ko ledarsu ba a cire ba, ɗaya an jibga mata tulin fayiloli a kai, ta huɗun ce kaɗai a kunne, wata baiwar Allah na zaune gabanta tana buga wasiƙar da za a fitar a firinta a kai wa oga ya sa hannu, a buga hatimi, sannan masinja ya ɗauka ya haura da ita sama. Aka ce mana ai an shigar da sunan marigayin a sistem tuntuni, to amma sai an ga fayil ɗinsa na takarda tukuna, fayil ɗin kuma yana durowar wani jami'i da ya yi tafiya da makulli a aljihunsa. Sau biyar matar nan ta dawo daga ƙauye da goyo a bayanta, kowace zuwa sai ta ranci kuɗin mota, kuma wallahi duk abin da ake buƙata yana cikin waccan kwamfutar da ke kunne, dannawa ɗaya ce.

Tun ranar abin yake cina, shi ya sa da na ji shugabar ma'aikatan tarayya Didi Esther Walson-Jack ta sa 31 ga Disamba 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da aikin takarda, na yi murna amma murnar da saura. Niyyar mai kyau ce kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Abin da nake tsoro shi ne mu sake yin abin da muka saba, a ba da kwangilar na'urori, a yanka kyalle a ɗauki hoto, a kai ma'aikata bitar kwana uku a otal a biya su alawus, su dawo su tarar da ofis yadda suka bar shi, wanda ke riƙe fayil yana riƙe da shi, wanda ake jira ana jiransa, wanda ba ya iya magana gaban oga har yanzu ba ya iyawa. Na'ura sayenta ake yi a rana ɗaya, halin wajen aiki kuwa shekaru aka yi ana gina shi, kuma shi ne ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi aiki ko za ta zama teburin ajiye kaya.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, fayil a ofisoshinmu ba takarda ba ce kawai, iko ne. Wanda fayil ɗinka ke hannunsa shi za ka gaida, shi za ka kira ranka ya daɗe ko da ka haife shi, shi za ka nemi wanda ya san shi ya yi maka magana, wani lokacin kuma shi za ka ba na goro don takardarka ta tashi daga ƙasan tuli ta koma sama. Ranar da aikin ya koma kwamfuta da gaske, kowa zai ga ranar da takarda ta shigo da teburin da ta kwana da sunan wanda ya riƙe ta sati uku bai taɓa ba, maganar fayil ya ɓata ta ƙare. To mutumin da darajarsa da ɗan abin cefanensa suka dogara kan wannan duhun, kana zaton hannu biyu zai karɓi abin da zai haska shi? Ba zai fito ya ce ba ya so ba. Cewa zai yi babu netwok, ko sistem ya sauka a dawo gobe, ko a kawo kwafin takarda don a tabbatar, a haka a haka har kowa ya gaji a koma gidan jiya.

Wasu za su ce ai mutanenmu ne ba su iya ba, ilimin kwamfutar ne babu. Ni dai ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi ɓatan dabo, cikin 'yan makonni mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka koma karɓar tiransifa, mutumin da bai yi boko ba ya haddace lambar asusunsa ya rubuta a kwali ya manna a jikin teburinsa, ya koyi duba alat kafin ya miƙa kaya. Ka shiga Kantin Kwari yau ka ga yadda ake cinikin miliyoyi ta waya, ana tura hoton atamfa ta WhatsApp zuwa Maraɗi da Agadas a turo kuɗi a ɗora kaya a mota. Babu wanda ya kai su bita. Sun koya ne saboda abin ya amfane su kuma wanda ya ƙi koya ciniki zai wuce shi. Ma'aikacin da ke cewa kwamfutar ofis ta fi ƙarfinsa, shi ne fa da daddare yake tura kuɗi ta waya yana sayen data yana muhawara a Facebook. Ashe ba ƙwaƙwalwa ce ta ƙi ɗauka ba, wajen ne ba ya saka wa wanda ya yi sauri, ba ya kuma hukunta wanda ya danne aiki.

Muna da misalin da ya nuna abin na yiwuwa idan na sama ya tsaya. Asusun bai ɗaya na TSA, wato asusu guda da ake tara kuɗin gwamnatin tarayya a ciki, tun 2012 aka fara gwada shi, fasahar tana nan, amma ma'aikatu suka yi ta jan ƙafa saboda kowa na son kuɗinsa su zauna a bankin da ya ga dama inda ba mai leƙawa. Sai a 2015 da shugaba Buhari ya sa wa'adi a watan Satumba ya nuna ba wasa, dubban asusun da ke warwatse a bankuna suka rufe kuɗin suka koma Babban Banki. Manhajar ba ta canza ba tsakanin shekarun nan, abin da ya canza shi ne kowa ya gane wannan karon ba za a ɗaga ƙafa ba. Haka a Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ƙarƙashin Kemi Adeosun ta sanar da cire sunaye kusan 24,000 na ma'aikatan bogi bayan an gwama albashi da lambar BVN, abin da ya rage wa gwamnati sama da naira biliyan 2 duk wata. Alhali tsarin biyan albashi na IPPIS tun 2007 yake. Waɗannan sunayen ba aljanu suka shigar da su ba, mutane ne a zaune a ofis, wasu kuma sun sani suka yi shiru don a wajen aikinsu mai tona asiri shi ake mayarwa saniyar ware.

Nan ne ma nake ganin babbar cutar take, wato shirun na ƙasa. Mun taso da girmama na gaba kuma abu ne mai kyau da ba na so mu rasa, sai dai a ofis ya rikiɗe ya zama tsoro. Yarinyar da ke zaune gaban kwamfuta ita ta san inda manhajar ke maƙalewa, ita ta san fom ɗin da ɗan kwangila ya tsara bai da gurbin wanda ba shi da takardar haihuwa, ita ta san lambar sirrin shiga ɗaya ce duk ofis ke amfani da ita an rubuta a 'yar takarda an liƙa a bango. Amma wa ya tambaye ta? Taron da aka yanke shawarar sayen manhajar daraktoci ne suka zauna, yawancinsu kuma ko imel sai sakatare ta fitar musu a takarda su yi rubutu a kai da biro ta koma ta buga amsa. Idan yarinyar nan ta yi ƙarfin hali ta ce yallaɓai abin nan fa ba ya aiki, za a ce ba ta da kunya ko tana neman ɓata wa wani suna, ƙila ma a yi mata canjin wajen aiki. Sai ta koyi abin da kowa ya koya, ta yi aikin a takarda a ɓoye sannan ta shigar a kwamfuta don a ce an shigar, aiki ya zama biyu, rahoto kuma ya tafi sama cewa komai na tafiya daidai.

Shi ya sa abin da ya faru a JAMB a watan Mayun 2025 ya tsaya mini a rai. Hukumar ta koma jarabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma ta yi nisa fiye da yawancin hukumominmu. Da sakamako ya fito ɗalibai suka yi ta kuka cewa makinsu ba daidai ba ne, aka bincika aka gano tangarɗar na'ura ta shafi kusan ɗalibai 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas. Shugaban hukumar a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa laifi har da hawaye, aka sake musu jarabawa. Kuskuren babba ne, yara sun sha wahala iyaye sun shiga tashin hankali, ba na wanke kowa. Amma sau nawa ka taɓa ganin shugaban hukuma a ƙasar nan ya ce mu ne muka yi kuskure? Duk na'ura za ta yi tangarɗa wata rana, na Amurka ma suna yi. Wajen da shugaba ke iya amsa kuskure a bainar jama'a, nan ne ƙaramin ma'aikaci zai samu bakin faɗin matsala tun tana ƙarama.

Kada kuma mu ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai, ko kuma maganinta shi ne a yarda da kwamfuta ido rufe. A Birtaniya hukumar gidan waya ta kawo manhajar lissafi mai suna Horizon ta kamfanin Fujitsu a 1999, manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi na ƙarya a ƙananan rassa, masu kula da rassan suka yi ta kira suna cewa lissafin nan ba daidai ba ne, ana gaya wa kowannensu shi kaɗai ke da wannan matsalar. Tsakanin 1999 da 2015 sama da mutum 900 aka gurfanar kan sata da zamba, wasu suka yi zaman kurkuku, wasu suka rasa gidajensu, wasu suka rasu ba a wanke su ba, sai a 2024 aka yi doka ta soke hukuncin. Can akwai wuta akwai intanet akwai ƙwararru, amma manyan hukumar sun fi son kare sunanta a kan su saurari na ƙasa. Ka kwatanta da ranar da sistem zai ce wani malamin firamare a ƙauye ma'aikacin bogi ne a tsayar masa da albashi, ya zo da ƙafarsa da takardunsa a ce masa ai kwamfuta ba ta ƙarya.

Dole kuma a yi wa ma'aikata adalci. Akwai ofisoshin da wuta ba ta kai awa uku a rana, janareta ba mai, ma'aikaci da kuɗinsa yake sayen data ya yi aikin gwamnati. Akwai dattijon akawu da ya yi shekara talatin yana riƙe da rajista da rubutunsa mai kyau, ya san tarihin kowane fayil a ka, yanzu an kawo abin da yake ganin zai mayar da shi ba kowa ba gaban yaran da ya koya wa aiki, kuma babu wanda ya zauna da shi ya ce Baba ga inda za mu buƙace ka. Tsoronsa gaskiya ne. Irin wannan mutumin idan aka jawo shi aka haɗa shi da matashi ɗaya, shi ya kawo sanin aiki yaron ya kawo sanin na'ura, shi zai fi kowa kare sabon tsarin, idan kuma aka wulaƙanta shi to shi ya san duk hanyar da za a bi a kashe shi a ruwan sanyi.

Da ni za a tambaya, kafin a sake sa hannu kan wata kwangilar kwamfuta a fara da teburin babban sakatare da daraktoci, su riƙa buɗe saƙonsu da hannunsu suna amincewa da aiki a cikin manhajar, duk takardar da aka kawo musu a fayil su mayar da ita. A sa adadin kwanakin da aiki zai yi a kowane teburi, mai neman haƙƙinsa ya iya dubawa ta wayarsa ya ga inda takardarsa ta tsaya da wanda ta tsaya wajensa, kuma wannan ya shiga lissafin ƙarin girma. A ware rana a wata da masu zama gaban na'urar za su faɗi abin da ke damunsu ba tare da a rubuta sunansu a baƙin littafi ba. 'Yar uwar tawa dai an biya ta daga baya, a zuwa na shida, ranar da jami'in ya dawo ya buɗe durowa, kuma da aka ɗauko fayil ɗin aka gwada da abin da ke kwamfuta babu ko harafi ɗaya da ya bambanta.