A wanke takardar sallama, amma a bar fayil ɗin likita

A Amurka akwai wani fom da ake kira DD 149, shi ne tsohon soja ke cikewa in yana son hukumar gyaran bayanan soja ta rundunarsa ta gyara masa wani abu a tarihin aikinsa. Cikin roƙon da ake kai wa waɗannan hukumomi akwai wanda ya fi ban tausayi, mutum ya rubuta cewa dan Allah a cire masa maganar taɓin ƙwaƙwalwa daga fayil, shi lafiyarsa lau, ko kuma ba abin da aka rubuta ba ne ke damunsa. Ni dai a ganina rabin roƙon nan gaskiya ne tsantsa kuma ya kamata a biya shi ba tare da an sa mutum ya yi ta jeka ka dawo ba, ɗaya rabin kuwa in aka biya masa to shi zai fara kuka.

Duk wanda ya bar soja a can ana ba shi takarda mai suna DD-214, kuma ita ce zai yi ta nunawa har ƙarshen rayuwarsa, wajen neman aiki, wajen kuɗin makaranta, wajen bashin sayen gida. A cikakken kwafin takardar akwai gida na 28 inda ake rubuta dalilin sallama. To ka ɗauka mutum ya je neman aikin ɗan sanda ko gadi a kamfani, ya miƙa takarda, mai ɗaukar aiki ya bi da yatsa har gida na 28 ya ga an rubuta cewa an sallame shi ne saboda cutar ɗabi'a, wato wai halinsa ne a karkace tun daga gida. Shi ke nan fa. Ba wanda zai tambaye shi wane likita ne ya rubuta, ko minti nawa likitan ya zauna da shi, sai dai a ce ya tafi za a neme shi.

Kuma ba a banza mutane ke zargin wannan rubutu ba. A 2012 ƙungiyar tsofaffin sojojin Biyetnam ta Amurka tare da ɗaliban lauya na jami'ar Yale suka fitar da rahoto daga takardun ma'aikatar tsaro, cewa sama da soja 31,000 aka sallama da wannan dalili tsakanin 2001 da 2010, daidai lokacin da yaƙin Iraƙi da Afghanistan ke cin wuta. Tun a 2008 ma ofishin bincike na majalisar dokoki, GAO, ya duba fayiloli ya gano cewa a wurare da dama ba a bi ƙa'idar da sojan suka gindaya wa kansu ba kafin su yi irin wannan sallama. Akwai sojan da roka ta fashe dab da kansa a Ramadi ta ƙasar Iraƙi a 2004, ta lalata masa ji, aka ba shi lambar yabo ta waɗanda suka ji rauni a fagen daga, sannan daga baya aka sallame shi wai da ma can haka halinsa yake, har sai da ya je gaban majalisa a 2007 ya ba da labari da bakinsa.

Dalilin kuwa kuɗi ne, ba wani abu ba. A dokar ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta VA cutar ɗabi'a ba ciwo ba ce da ake biyan diyya a kai, tunda an ɗauka da ita mutum ya shigo. Amma in aka rubuta PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, ko buguwar ƙwaƙwalwa daga ƙarar bam, to sai a bi ta kwamitin likitoci wanda ke ɗaukar watanni, kuma gwamnati ta biya. Kwamandan da ke son cike gurbi kafin a sake tura bataliya ya san wacce hanya ce gajeriya. Da aka tsaurara ƙa'ida a 2008 irin wannan sallamar ta ragu sosai, sai kuma wata ta ƙaru, wadda ake cewa wai mutum ya kasa sabawa da rayuwar soja.

Saboda haka maganar takardar sallama ba ni da wani ja. A cire. Hukumomin suna da ikon mayar da dalilin ya zama kawai bisa umarnin sakataren runduna, kuma suna yi, sai dai hanyar ce da wahala, don doka ta ce a ɗauka abin da gwamnati ta rubuta daidai ne har sai kai ka kawo hujja, ga wa'adin shekara 3 daga lokacin da ka gano kuskuren, duk da suna iya ɗagawa. Chuck Hagel da yake sakataren tsaro ya fitar da umarni a 2014 cewa a riƙa sassauta wa masu PTSD, a 2017 aka faɗaɗa shi ya haɗa da sauran larurorin ƙwaƙwalwa da waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata a cikin soja, amma duk da haka sai da aka kai rundunar ƙasa kotu, ta amince a 2020, kotu ta tabbatar a 2021, cewa za ta sake duba dubban ƙorafe-ƙorafen da ta yi watsi da su. Ni in da za a ji ta tawa ma, me ya kawo sunan ciwo a takardar da mai ɗaukar aiki zai gani tun farko? Ma'aikacin banki in ya bar aiki ai ba a rubuta masa hawan jini a takardar shaida.

Inda na rabu da masu roƙon shi ne fayil ɗin asibiti. Nan kam garin neman gira za a rasa ido. Mutumin da yau yake da shekara 30 kuma yake ji kamar zai iya da kansa, in ya kai 50 barci ya ƙi zuwa, matarsa ta gaji da ihun dare, ya je VA neman magani da diyya, abu na farko da za su nema shi ne shaidar cewa abin ya faro ne a lokacin aiki. Wannan ɗan rubutun da wani likita ya yi, cewa soja ya zo yana ƙorafin rashin barci da razana wata biyu bayan dawowa daga Iraƙi, ko da likitan ya ƙare da sa masa sunan ciwon da ba shi ba, shi ne hujjarsa mafi ƙarfi. In ya sa an goge, da hannunsa ya yaga rasit.

Sannan akwai wanda gogewar za ta fi yi wa daɗi, ita ce rundunar kanta. Da an bi an share waɗancan fayiloli ɗaya bayan ɗaya, da wa zai ƙirga ya ce 31,000 ne? A 2017 GAO ta sake ƙirgawa ta ce cikin soja 91,764 da aka kora saboda rashin ɗa'a daga 2011 zuwa 2015, kashi 62 cikin ɗari an riga an gano suna da PTSD ko buguwar ƙwaƙwalwa ko wata larura makamanciya cikin shekara biyu kafin korar, kuma daga rubutun likitoci aka samo wannan. Abin da ya dace shi ne a bar tsohon rubutu, a sa likitan da ba ya ƙarƙashin kwamandan ya sake dubawa, in kuskure ne a manna gyaran a gaba-gaba yadda duk mai buɗe fayil zai fara cin karo da shi, kuma a toshe fayil ɗin daga duk wanda ba mai magani ba ne.

Wani zai ce mu ina ruwanmu. Tun 2009 yaranmu sojojin Najeriya ke daji a Arewa maso Gabas, wasu su shekara da shekaru ba a canja su ba, an kori dubbai a 2014 da 2015 bisa zargin gudu ko ƙin bin umarni, daga baya aka mayar da kimanin 3,000. Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, an sanar a farkon 2023. A nan sojan da ya dawo daga Sambisa yana firgita da ƙarar salansar babur, in ya ga abin da rubutu ɗaya ya yi wa abokin aikinsa, to ba zai taɓa buɗe baki gaban likitan bariki ba, sai dai ya nemi tramol ko ya je wajen malam a yi masa rubutu a ɓoye.