Likitar da ba ta gudu ba ranar da maganinta ya jawo sankara

Duk lokacin da aka ambaci Farfesa Marina Cavazzana, abin da ake fara kawowa shi ne yaron nan mai shekara 13 da aka yi wa gyaran ƙwayoyin gado, wato ƙwayoyin halittar da ɗa ke gada daga iyayensa, a asibitin Necker na birnin Paris a 2014, ciwon sikila ya sake shi. Labari ne mai daɗi. Amma ni a ganina, idan ana son sanin darajar wannan likita 'yar asalin Italiya, shekarar 2002 za a duba, lokacin da aikinta ya kusa rushewa.

Ɓargo shi ne masana'antar jini. Tun da Edward Donnall Thomas na Amurka ya tabbatar cewa ana iya kashe ɓargon mara lafiya a dasa masa na wani, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1990, matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce samun wanda ɓargonsa ya dace. Ko tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. In kuwa bai dace sosai ba, sabon ɓargon kan juya ya yaƙi jikin da aka dasa shi a ciki.

Cavazzana da abokan aikinta Alain Fischer da Salima Hacein-Bey-Abina suka bi wata hanya: a ɗebo ɓargon yaron da kansa, a yi amfani da ƙwayar bairos da aka cire wa dafi ta shigar masa da lafiyayyar ƙwayar gado, sannan a mayar masa da abinsa. Sun fara a 1999 da jarirai maza da aka haifa ba su da garkuwar jiki, waɗanda mura kawai kan iya zama ajalinsu kafin su cika shekara. A 2000 suka sanar cewa garkuwar ta tsiro. Yaran suka fito daga killacewa, suka koma gida.

Sai a 2002 ɗaya daga cikinsu ya kamu da sankarar jini, wani ya biyo baya. A ƙarshe yara huɗu ne suka kamu a Paris, uku suka warke, ɗaya ya rasu. Aka dakatar da gwajin.

Akwai masu cewa an yi gaggawa, kuma ba zan raina maganarsu ba, domin yaro ya mutu, iyayensa kuwa babu bayanin kimiyya da zai share musu hawaye. Sai dai a tuna cewa waɗannan jarirai ba su da ɗan'uwan da ɓargonsa ya dace, kuma barin su haka hukuncin kisa ne. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu binciken suka yi bayan haka. Ba su yi rufa-rufa ba. Su da kansu suka bi sawun bairos ɗin, suka gano ya sauka kusa da wata ƙwayar gado mai suna LMO2 ya tayar da ita, har ƙwayoyin jini suka yi ta hayayyafa babu birki. Suka wallafa wannan a 2003, duniya ta karanta kuskurensu da sunayensu a kai. Daga nan ne aka sake fasalin bairos ɗin da ake aika wa ɓargo, aka cire sashen da ke tayar da maƙwabta. Da sun ɓoye, ko sun tattara sun bar fagen, da ba a kai ga majinyacin talasimiya, wani ciwon ƙarancin jini na gado, da aka ba da labarin ya daina karɓar ƙarin jini a 2010 ba, balle yaron sikilar da aka wallafa sakamakonsa a 2017.

Inda raina yake ɓaci shi ne abin da ya biyo baya. A Disambar 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da magunguna biyu na sikila ta wannan fanni, kamfanonin da suka yi su suka sa farashin Casgevy a kan dala miliyan 2.2, Lyfgenia a kan dala miliyan 3.1, kowane mutum ɗaya. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a Afirka kudu da Sahara da Indiya suke, inda wannan kuɗi ya fi ƙarfin iyali, ya ma fi ƙarfin asibiti.

Kuma ko an sauke farashi, da sauran rina a kaba. Kafin a mayar da ɓargon da aka gyara, dole a share tsohon da maganin busulfan mai zafi, wanda ke kwantar da mutum makonni a asibiti, kuma sau da yawa ya hana shi haihuwa. Wannan ne gaɓar da nake son gwamnatoci da masu ba da tallafin bincike su zuba kuɗi a kai yanzu: hanyar gyara ɓargo a cikin jiki da allura, ba tare da an fitar da shi ba, ba tare da busulfan ba. Ana kan gwaje-gwajenta, kuma za a ci karo da cikas kamar na 2002. Ranar da hakan ta faru, ina fatan masu aikin za su bayyana abin da ya faru dalla-dalla, masu kuɗin kuma ba za su janye hannu ba.